Masu Zuga da Masu Kwaɓa: Tarihin Makasan da ke Cikin Jini

Watan Satumba a Musawa, masara ta nuna, dawa ta fid da kai, kududdufai sun cika sun batse, sauro kuma ya samu gari. A wannan lokaci ne layin asibiti ya fi na kowane wata tsawo. Mace za ta kwance goyo, jikin yaron zafi rau kamar garwashi. Ma'aikacin lafiya ya kama ɗan yatsansa, ya goge da auduga, ya tsira masa tsinin allura, yaro ya tsanyara kuka. Ɗigon jinin da ya fito sai a zuba shi a ramin 'yar robar gwaji, a bi shi da ruwan gwaji, a ajiye a gefen tebur. Bayan minti 15 zuwa 20 layi biyu suka fito. "Baiwar Allah, maleriya ce," in ji shi, yana miƙa hannu ga kwalin magani.

Jinin da robar take sha bai wuce mikrolita 5 ba, amma a jikin mai lafiya wannan ɗan ɗigo yana ɗauke da jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 20, da fararen ƙwayoyi dubbai. Cikin fararen akwai dangin da ake kira limfosayit, cikin limfosayit kuma kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari wani iri ne da likitoci suke kira NK, haruffan farko na wani sunan Turanci mai ma'anar makashi tun daga halitta. Ba sa jiran a koya musu abokin gaba kafin su kai hari. Abin da ya ɗauki masana shekaru kusan talatin suna nema shi ne wanda yake ba su izinin kisa, da wanda yake hana su.

A tsakiyar shekarun 1970, Malumfashi, maƙwabciyar Musawa ta kudu, tana cikin wuraren da duniyar likitanci ta zuba wa ido. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda asibitin koyarwarta yake da reshe a garin, ta haɗa kai da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a kan wani dogon bincike na cututtukan da suka zauna a yankin. Farfesa Umaru Shehu da Herbert Gilles suna cikin jagororinsa. An ƙirga gidaje, an taɓa saifar yara, an duba fitsari don tsargiya, an shafa maƙogwaro don ƙwayar sanƙarau. A Zariya kuma Brian Greenwood ya nuna a 1972 cewa yaron da maleriya ta kwantar ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, abokin aikinsa Hilton Whittle yana bin yadda ƙyanda take karya garkuwar jiki. Aiki ne mai kyau, kuma har yau ana komawa gare shi. Sai dai garkuwar da suka iya aunawa ita ce mai koyo: ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, da ƙwayoyin T masu haddace kamannin cuta. Makasan suna nan cikin kowace kwalbar jini da aka ɗiba a Malumfashi, amma a lokacin ne ma ake raɗa musu suna a can arewacin Turai.

Hanyar da ta kai ga wannan suna ta ratsa Afirka. A 1958 likitan fiɗa Denis Burkitt ya ba da bayanin wata sankara da take kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda aka fi samu inda maleriya ta yi kaka-gida. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya ɗauki ƙwayoyin wannan ciwo daga wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, ya raine su a kwalba, suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Ana kiran wannan zuriya Raji. Daga Nairobi kuma ake aika tsokar masu ciwon ta jirgin sama zuwa cibiyar Karolinska da ke Stockholm, wurin Eva Klein da mijinta George, 'yan asalin Hangari da suka koma Suwidin a ƙarshen shekarun 1940. A 1967 suka samar da wata zuriyar mai suna Daudi daga wani yaro ɗan shekara 16. Tambayar da take cin ransu ita ce: jiki yana iya gane sankara ya yaƙe ta?

Yadda ake gwajin a lokacin yana da sauƙin fahimta. Sai a shayar da ƙwayoyin sankara wani sinadari mai suna kuromiyam-51, wanda na'ura take iya ƙirga burbushin da yake fitarwa. A wanke su, a zuba su cikin 'yan ramukan faranti, a zuba musu fararen ƙwayoyin jini, a rufe na wasu awoyi. Duk ƙwayar da aka fasa, sinadarin zai zubo cikin ruwan da ke sama, yawansa kuma shi ne awon kisan da aka yi. Ka'idar zamanin ta ce jinin wanda ya taɓa haɗuwa da ciwon ne kawai zai yi kisa. Don haka ake sa jinin lafiyayyu a gefe domin kwatance, da zaton za a ga sifili. Sifilin bai taɓa fitowa ba. Kullum sai an tarar jinin lafiyayye, ko saifar ɓeran da ba a taɓa yi wa komai ba, ta kashe wani kaso. Ɗakunan gwaji da yawa suka ɗauki abin a matsayin dattin gwaji, suna debe shi daga lissafi.

Wani ɗalibin digiri na uku a Karolinska, Rolf Kiessling, ya ƙi debewa. Tare da Eva Klein da Hans Wigzell ya bi sawun abin, ya cire ƙwayoyin T, ya cire na B, kisan bai daina ba. A 1975 suka buga sakamakon, suka ba wa ƙwayar sunan da take amsawa har yau. A shekarar dai Ronald Herberman na cibiyar nazarin sankara ta Amurka ya fito da irin wannan sakamako da kansa.

Daga nan aka shiga ruɗu. Ƙwayar da ba a koya mata komai ba, ta yaya take bambanta ɗan gida da baƙo? Amsar farko ta zo daga wani ɗalibin na Karolinska, Klas Kärre, a kundin digirinsa na 1981, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin gane ta. Kafin zuwan katin shaida, tsagar fuska ce take faɗin asalin mutum. Wanzami ya yi wa jariri askar gidansu, duk inda ya shiga an san Bakatsine ne ko Bagobiri. Kusan kowace ƙwaya a jikin mutum tana da irin wannan tsaga, wasu furotin ne a fatarta da ake kira MHC aji na ɗaya, ko HLA a jikin ɗan Adam. Ta cikinsu ne ƙwayoyin T suke leƙa abin da ke faruwa a ciki, shi ya sa bairos da sankara suke yawan shafe tsagar don su ɓuya. Kärre ya ce to a nan ne NK take shigowa: ita tsagar gida take dubawa, in ta ganta ta wuce, in ba ta ganta ba ta afka. Daga baya ya riƙa ba da misali da jiragen ƙarƙashin ruwa, abin da ya dami Suwidin a shekarun nan, musamman bayan da wani na Tarayyar Sobiyet ya kafe kusa da Karlskrona a Oktoban 1981. In ana so masunta su taya tsaro, ko dai a ba su ƙaton kundi mai hoton jiragen duk ƙasashen duniya, ko a ba su takarda guda mai hoton na gida, a ce duk wanda bai yi kama da waɗannan ba a kawo rahoto. A 1986 ya tabbatar da zancen a jikin ɓeraye: sankarar da ta rasa tsaga ɓera ya kawar da ita, 'yar'uwarta mai tsaga kuwa ta girma.

Abin da ya rage shi ne a ga idon da yake duba tsagar. A fatar kowace ƙwaya akwai 'yan furotin masu karɓar saƙo daga waje, a kira su makarɓai. A 1992 ɗakin gwajin Wayne Yokoyama a Amurka ya nuna makarɓin Ly49 na ɓera yana hana kisa in ya taɓa tsagar gida. A Genoa ta Italiya, 'yan'uwa biyu, Alessandro da Lorenzo Moretta, suka gano takwarorinsa a jikin mutum, aka karanta ƙwayoyin gadonsu a 1995, aka kira dangin KIR. Waɗannan su ne masu kwaɓa.

Sai dai ɗigon jinin yaron Musawa da kansa ya isa ya nuna akwai saura. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum kusan ba su da tsagar nan. Da rashin tsaga kaɗai ya isa dalilin kisa, da NK ta ƙarar da jinin mai ita cikin yini guda. Ƙwayoyin Daudi ma haka: an gano ba su da tsagar ko kaɗan, amma NK da aka ɗebo daga jini kai tsaye ba ta cika taɓa su ba, sai an fara ɗumama ta da sinadarin intalukin-2. Ke nan sakin igiya bai isa ba, karen farauta sai an zuga shi. Dole akwai wasu makarɓan masu zuga, kuma neman su ne ya cinye ƙarshen shekarun 1990.

Guda ɗaya dama an san shi tun shekarun 1980, wato CD16. Antibodi siffar gwafa gare shi: kawunan biyu su kama cuta, ƙotar ta tsaya a waje. CD16 ƙotar yake kamawa, don haka duk ƙwayar da antibodi ya lulluɓe ta zama abin hari. Sauran kuwa 'yan Genoa suka zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar ƙera ɗaruruwan antibodi suna gwada wanda zai toshe kisan: NKp46 a 1997, NKp44 a 1998, NKp30 a 1999. A Kalifoniya Lewis Lanier ya warware wata matsalar. Yawancin makarɓai masu zuga ba su da wutsiyar da za ta kai saƙo cikin ƙwayar, kamar mai kunne ba baki. A 1998 ya gano abokin tafiyar wasunsu, wani ɗan furotin mai suna DAP12, wanda yake manne a gindinsu yana isar da saƙon.

Shekarar 1999 ce ta kawo amsar da ta fi kowacce gamsarwa. Thomas Spies, a Seattle, ya daɗe yana nazarin wani furotin mai suna MICA, wanda ba a cika ganinsa a fatar lafiyayyar ƙwaya ba, sai wadda ta shiga matsi: zafi ya yi mata yawa, bairos ya shige ta, ko ta fara rikiɗewa zuwa sankara. Ɗakin gwajinsa ya nuna makarɓin NKG2D shi ne mai jin wannan alama, Lanier da Joseph Phillips kuma suka nuna DAP10 ne bakinsa. Ma'anar abin tana da girma. Ƙwayar da ta lalace ita da kanta take yin kururuwa, tana kiran wanda zai kashe ta domin sauran jiki ya tsira. NK ba sai ta san sunan cutar ba, kukan 'yar gida kawai take saurare. A 2002 ɗakin Spies ya ƙara nuna cewa wasu sankarori suna kakkaɓe MICA su zubar cikin jini, makarɓin ya yi ta jin kururuwa ta ko'ina har ya dakushe.

Da aka jera masu zuga da masu kwaɓa, sai hoton ya fito kamar ma'auni. Ƙwayar NK tana taɓa kowace ƙwaya da ta gamu da ita, tana tara zugi a hannu ɗaya, kwaɓa a ɗayan, wanda ya rinjaya shi ne hukunci. A 2006 Yenan Bryceson da Eric Long suka nuna tsananin taka-tsantsan ɗin da ke cikin tsarin. A jikin NK da ke hutawa, makarɓi guda bai isa ya sa ta kisa ba, sai biyu sun haɗu, kamar NKG2D da 2B4, tamkar alƙalin da ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. CD16 ne kaɗai aka samu yana iya tayar da ita shi kaɗai, kuma akwai hikima a nan, domin shi antibodi ya riga ya tantance mai laifi.

A ƙarƙashin madubin likita ana ganin yadda hukuncin yake gudana. Ƙwayar NK ta rarrafo ta manne da wadda take zargi, ta baje a kanta kamar an kifa ƙwarya, ta rufe wurin ruf yadda ba abin da zai tsiyaye ya taɓa maƙwabta. 'Yan jakunkunan dafi da ke warwatse a cikinta su taru su gangaro bakin mahaɗar. Furotin ɗin farko, fafforin, ya huda fatar. Na biyu, giranzayim, ya bi ta hudar ya kunna wa ƙwayar hanyar mutuwar da dama take ɗauke da ita. Sai a ga ta yi ƙuraje, ta tsuke, ta rududduge. Makashiyar ta saki, ta nufi ta gaba. Tana kuma fesa wani sinadari, intaferon-gama, mai tayar da sauran rundunar.

Darajar wannan runduna ta fito fili a 1989, lokacin da Christine Biron da abokan aikinta suka ba da labarin wata yarinya a Amurka da ba ta da NK. Ƙarambau, wanda yara suke yi su tashi, ya kusa kai ta lahira, daga baya wasu bairos na danginsa suka yi ta kwantar da ita. Cikinsu akwai CMV, bairos da yake shiga jiki ya zauna har ƙarshen rai, kuma shi ne babban abokin kokawar makarɓai masu zuga. Yana shafe tsagar gida don ya ɓuya wa ƙwayoyin T, sannan ya ƙera tsagar jabu ya kafa don ya yaudari masu kwaɓa, ya kuma riƙe alamun kururuwa a cikin ƙwayar kada su fito. A 2002 ɗakunan Lanier da Yokoyama suka gano cewa wani jinsin ɓeraye ya rama: yana da makarɓi mai zuga, Ly49H, wanda yake gane tsagar jabun nan da kanta, mai suna m157. Abin da bairos ya ƙera don ɓuya shi ya zama abin da yake tona shi. A 2004 Miguel López-Botet a Barcelona ya nuna masu ɗauke da CMV suna tara NK masu makarɓin NKG2C, a 2009 kuma Joseph Sun da Lanier suka nuna NK na ɓera suna yaɗuwa bayan cutar, su daɗe, su fi zafi a karo na biyu. Ƙwayar da aka ce ba ta koyo sai ga shi tana tuna baya.

Wannan ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. A Turai mutane da yawa suna girma ba su kamu da CMV ba. A Gambiya bincike ya nuna mafi yawan yara suna ɗaukarsa kafin su cika shekara ɗaya, kuma ƙungiyar Eleanor Riley ta samu NK ɗinsu suna balaga tun suna ƙanana. Makasan da ke jinin yaron karkarar Afirka tarbiyyarsu daban ce da ta waɗanda aka rubuta yawancin littattafan a kansu.

Riley ce dai ta nuna a 2002 cewa in aka haɗa jinin mutum da jajayen ƙwayoyin da maleriya ta shiga, NK suna cikin na farkon da suke fesa intaferon-gama, cikin awoyi kaɗan, kuma ƙarfin amsar ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ita ma ƙwayar maleriya tana da nata makircin. Ta zaɓi maɓoyar da ba ta da tsaga ba ta kuma yin kururuwa, sannan a 2017 ɗakin Hisashi Arase a Osaka ta Japan ya gano wasu furotin nata, RIFIN, da take kafawa a fatar jar ƙwayar, suna taɓa makarɓi mai kwaɓa, LILRB1, su sanyaya masu tsaro. Amma akwai ƙofar da ba ta iya rufewa ba. A 2018 ɗakin Eric Long ya ɗauki antibodi daga jinin mutanen Mali da suka sha fama da maleriya, ya zuba a kan jajayen ƙwayoyi, ya saki NK. Suka fasa masu cutar, suka ƙyale lafiyayyun, kuma ta CD16 suka yi aikin. Shekara guda bayan haka Geoffrey Hart da abokan aikinsa na Amurka da Bamako suka bi yara da matasa a Mali tsawon damina. Waɗanda suka shiga daminar da yawan wani irin NK da ya goge a aikin CD16 sun fi samun sauƙin cutar. Kowa a Musawa ya san babba yana jure zazzaɓin da yake kayar da ɗan shekara biyu. Wani ɓangare na dalilin ke nan: shekarun cizon sauro sun tara masa antibodi, makasansa kuma sun ƙware a kama ƙotarsa. Nijeriya ce take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, Katsina kuma tana cikin jihohin farko da aka soma rabon maganin rigakafin damina ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don haka nan ne ya fi cancanta a yi irin binciken da aka yi a Mali.

Inda labarin ya fi ban mamaki shi ne mahaifa. A watannin farko na ciki, kimanin kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin da ke bangon mahaifa NK ne, kuma aikinsu a can gini ne. Mabiyiya tana tura wasu ƙwayoyinta su kutsa cikin bangon, su buɗe jijiyoyin jinin uwa su faɗaɗa su, kamar manomin rani yana yashe magudana domin ruwa ya isa fadama. In kutsen bai yi zurfi ba, jini ba ya isar ɗan tayi, mabiyiya ta shiga matsi, ta zubo sinadaran da suke tayar da hawan jinin uwa. Sai ƙafa ta kumbura, kai ya yi ta sarawa, gani ya dushe, in ba a tare ba jijjiga ta biyo baya. Duk ungozoma da ma'aikaciyar jinya a ƙasar Katsina ta san wannan ciwo, domin yana cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya, kuma ya fi kama mai cikin fari.

Ashley Moffett ta Jami'ar Cambridge ta shafe shekaru a kan wannan mahaɗa. Ƙwayoyin mabiyiya suna ɗauke da tsagar HLA-C, rabinta gadon uba, NK na uwa kuma suna karanta ta da makarɓan KIR. A 2004 ƙungiyarta ta nuna cewa haɗarin ya fi yawa in uwa ta gaji jerin KIR da kusan duk masu kwaɓa ne, ɗan tayin kuma yana da nau'in tsagar da ake kira C2. Kwaɓa ta yi yawa, maginan suka yi sanyi. Uwar da take da makarɓi mai zuga, KIR2DS1, ta fi samun kariya. A nan zugi rahama ne. Sai dai a matan Ingila aka yi wannan bincike, KIR2DS1 kuma bai yawaita a Afirka kamar Turai ba. Wata likitar mata 'yar Yuganda, Annettee Nakimuli ta Jami'ar Makerere, ta ɗauki tambayar zuwa asibitin Mulago na Kampala, ta tattara samfurin mata sama da 700. Sakamakon da ta buga a 2015 ya nuna haɗin mai haɗari iri ɗaya ne, amma mai ba da kariya daban ne: wasu nau'o'in KIR2DS5 da suke zaune a wani gurbi na ƙwayoyin gado inda ba a samunsu a jikin Turawa. Da an tsaya a kan matan Cambridge da ba a taɓa ganinsa ba. Al'ummomin Afirka sun fi na ko'ina yawan nau'o'in KIR da HLA, abin da aka samu a Kampala kuwa ba lallai ya zama shi ne na Funtuwa ba. Kafin a kai ga nan, abin da yake ceton rai a yau sananne ne: zuwa awo, auna hawan jini, gwajin fitsari, da allurar maganiziyam salfet a kan lokaci.

NK tana da dangi, kuma an daɗe ba a san su ba. Tsakanin 2008 da 2010 aka gano wasu ƙwayoyi a bangon hanji masu ɗauke da NKp46 ko NKp44 amma ba sa kisa. In an zuga su sai su fitar da intalukin-22, wanda yake gyara bangon ya tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Wasu kuma, da aka gano a Japan da Ingila da Amurka a 2010, su ne masu tayar da majina da motsin hanji don korar tsutsar ciki. A 2013 masana suka haɗa su duka a gida ɗaya mai suna ILC, aka kasa shi uku, NK tana rukunin farko. Makarɓi ɗaya ne, amma abin da zugin yake haifarwa ya danganta da wadda aka zuga da kuma inda take zaune.

Ilimin ya riga ya shiga kwalbar magani. A 1997 Amurka ta amince da rituximab, antibodi da aka ƙera don ya kama alamar CD20 a fatar ƙwayoyin B da suka zama sankara, ya bar ƙotarsa a waje domin CD16. A 2002 likitocin Faransa suka nuna masu wani nau'in CD16 mai riƙo da ƙarfi sun fi amfana da shi. A 2020 Katayoun Rezvani a Houston ta ɗauki NK daga jinin cibiyar jarirai, ta dasa musu makarɓi mai zuga na ƙira, ta ba marasa lafiya 11, takwas suka amsa maganin. A irin waɗannan gwaje-gwaje, in ana so a auna ko sabon antibodi yana zuga NK yadda ya kamata, cikin ƙwayoyin da aka fi zubawa a ramukan faranti don a kai musu hari akwai Raji da Daudi. Zuriyar da aka ɗauka daga yaron nan a Ibadan ta haura shekara sittin tana rabuwa biyu a ɗakunan gwaji na duniya. Ciwon da ya kama shi yana nan yana kama yara a ƙasashen maleriya, kuma yana cikin sankarorin da suka fi jin magani in an zo da wuri. Uban da muƙamuƙin ɗansa ya kumbura a Musawa ko Jikamshi, tafiya ce a gabansa zuwa asibitin Shika ko na Katsina ko na Kano, da kuɗin mota, da na gwaji, da na jinyar watanni. Rituximab yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kuɗin zagaye guda nasa ya fi ƙarfin abin da ƙaramin manomi yake samu daga buhunan masarar da ya kai kasuwa a kaka.